Me ya sa har yau ban manta da CJ ba, amma jaruman gem ɗin waya ko sunansu bana riƙewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Rigasa, ina koyon haɗa gem a kwamfuta da manhajar Unity. Tun ina yaro nake buga GTA San Andreas a PS2 ɗin yayana, shekara ta fi goma amma har yau ina tuna CJ, jarumin gem ɗin, kamar wani ɗan layinmu, alhali gem ɗin da nake bugawa a waya yanzu sun fi shi kyan hoto nesa ba kusa ba amma ko mutum ɗaya bana iya tunawa a cikinsu. Meye sirrin? Burina in yi gem mai jarumi Bahaushe wanda mutane ba za su manta da shi ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, wallahi naji daɗin wannan tambaya, Allah ya cika maka burinka. Abinda ke sa jarumin gem ya zauna a zuciyar mutum shi ne halinsa ya shigo cikin hannunka. A fim zama kake kana kallon jarumi yana yi, a gem kuwa kai ne kake yi da yatsunka, toh duk halin da aka ce jarumin nan yana da shi in baka ji shi a pad ɗin da kake dannawa ba, ko an zana shi har gashin gira ana ƙirgawa, kana kashe wayar ka manta da shi.

Na fara gane wannan ne a wani gidan gem a Tudun Wada inda na daɗe ina zama, ɗan shago ne mai benci biyu da talabijin uku da janareto a bakin ƙofa saboda ɗauke wuta. Kullum sai an yi musu tsakanin masu Scorpion da masu Sub-Zero a Mortal Kombat, musu na gaske har da rantsuwa da jijiyar wuya. Abinda yaran basu sani ba, a Mortal Kombat na farko da kamfanin Midway ya fitar a 1992, mutum ɗaya ne aka ɗauki hotonsa ya yi su biyun, sunansa Daniel Pesina, launin kaya kawai aka canza, wannan rawaya wancan shuɗi, don a rage cin wuri a na'ura. Jiki ɗaya tsayi ɗaya, amma ba yaron da ya taɓa rikita su, saboda Scorpion jefo maka mashi mai igiya yake ya finciko ka gabansa, shi kuwa Sub-Zero daskarar da kai yake ka tsaya ƙiƙam kana kallo ya zo ya yi yadda yake so da kai. Yaro mai zafin zuciya zaka ga Scorpion yake ɗauka, mai haƙuri da lissafi ya ɗauki Sub-Zero, kowa halinsa yake gani a ciki.

Ko a ƙwallo haka ne. Duk wanda ya buga Master League a PES ko Winning Eleven zamanin PS2 ya san Castolo da Minanda da Ximelez da gola Ivarov, ƴan wasan da babu su a duniya, Konami ne suka ƙirƙiro su a matsayin ƙungiyar da kake farawa da ita kafin ka tara makin sayen manya. Basu da labari, basa magana, ƙwallon ma basu iya sosai ba. Amma na ga saurayi da gemunsa ya zauna shiru ya rafka tagumi ranar da memori kad ɗinsa ya goge, abinda yake ta maimaitawa shi ne shikenan Castolo ɗina da na raina. Wahalar da suka sha tare ce ta sa ya zama nasa.

In ka koma baya can farko zaka ga ƙarancin kayan aiki ne ma ya haifi manyan jarumai. Mario ya fara fitowa a Donkey Kong a 1981, Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo da ke Kyoto a Japan ne ya zana shi, lokacin ɗigon hoton da za a zana mutum da shi kaɗan ne ƙwarai, sai ya sa masa hula don kada a sha wahalar motsa gashi, ya sa masa gashin baki don fuska ta fito ba sai an zana baki ba, ya sa masa wando mai igiya a kafaɗa da launi daban da riga don a ga hannu yana motsi. Amma ainihin Mario tsallensa ne, a Super Mario Bros na 1985 in ka ɗan taɓa madanni ya yi ɗan tsalle, in ka danne ya yi sama sosai, in yana gudu ka saki sai ya ɗan zame kafin ya tsaya, wannan ɗin shi ke sa kaji kamar mutum ne mai nauyi da fara'a. Sonic na Sega da ya fito a 1991 in ka ajiye pad ka barshi tsaye sai ya juyo ya kalle ka yana buga ƙafa a ƙasa alamar ka ɓata masa lokaci, ɗan motsi ɗaya ya gaya maka mutumin nan bashi da haƙuri.

Tunda kai mai koyon rubuta kod ne, ka je ka yi nazarin fatalwowin Pac-Man na 1980. Su huɗu ne siffarsu ɗaya, jan yana binka kai tsaye, mai ruwan hoda yana nufar gabanka ne don ya tare ka, mai ruwan lemo kuma yana zuwa in ya matso kusa sai ya janye ya koma lungunsa. Layukan lissafi ne ƴan kaɗan, amma mai bugawa ji yake wannan mugu ne, wannan mai wayo, wancan matsoraci.

Yanzu CJ ɗinka. San Andreas ya fito a 2004 daga Rockstar, labarin kuma an ɗora shi a 1992. Ka tuna yadda aka buɗe shi, Carl Johnson ya dawo Los Santos bayan shekara biyar a Liberty City saboda an kashe mahaifiyarsa, ko gida bai kai ba ƴan sanda su Tenpenny suka tare shi suka ƙwace kuɗinsa suka yar da shi a unguwar abokan gaba, abu na farko da aka baka shi ne keke. Kai da kanka ka tuka keken nan har Grove Street, layin gidansu. Cikin minti goma an baka maraici da zalunci da talauci da komawa gida, kuma duk Bahaushe ya san nauyin mutum ya dawo gida ta'aziyyar uwa ya tarar yayansa na fushi da shi don ya tafi ya bar gida, shi yasa rikicinsa da yayansa Sweet bai yi mana baƙo ba. Sannan jikinsa ma a hannunka yake, in ka yawaita kai shi cin abinci ya yi teɓa gudu ya gagare shi, in ka kai shi ɗaga ƙarfe ya murɗe, kai ke kai shi aski kai ke saya masa kaya, CJ ɗin yayanka daban naka daban.

Abinda ya fi komai a ganina shi ne Big Smoke, abokin CJ na unguwa. An sa ka yi awanni kana yawo da shi a mota, kana jin surutunsa, ka sha wahalar mishan ɗin bin jirgin ƙasan nan a kan babur ka faɗi ka sake ka faɗi ka sake yana maka faɗa, har ya zama kamar wani kawunka mai ban haushi da ban dariya. Sai daga baya ka leƙa ka ganshi shi da ɗayan abokinku Ryder tare da su Tenpenny da koriyar motar da aka yi harbin mahaifiyarka da ita. Da a farkon gem aka rubuto maka cewa Smoke maci amana ne ba abinda zaka ji, amma da yake kai ka ci wuya tare da shi, cin amanar kai aka yi wa, abinda ya zauna maka kenan shekara goma.

Kratos kuma darasi ne na yadda jarumi ke girma tare da masu buga shi. A God of War na 2005 fushi ne zalla, farin jikin nan nasa a labarin tokar matarsa da ƴarsa ce da ya kashe da hannunsa aka manna masa, kuma yadda kake dannawa yana wulwula sarƙoƙi haka fushin yake fita. A na 2018 sai ga shi ya manyanta yana da ɗa Atreus, tafiyar gaba ɗaya don su kai tokar uwar yaron ƙololuwar dutse ne. Gatarinsa yana da nauyi, ka jefa shi ka danna ya dawo hannunka da ƙarfi har pad ya girgiza, yaron kuma madanninsa daban, kai ke bashi umarni ya harba kibiya, a hankali sai ka ga ka dogara da shi a faɗa kamar yadda uban ya fara dogara da shi a labari. Akwai wani wuri a farko bayan farautar barewa, yaron yana cikin damuwa, Kratos ya miƙa hannu zai dafa bayansa sai ya fasa ya janye hannun. Ba kalma ko ɗaya. Mu da muka taso da iyaye maza masu kunya da kawaici, waɗanda ko sunan ɗan fari basa faɗa, wannan janye hannun mun san shi sarai. Amma in ja hankalinka, GTA da God of War na manya ne, akwai zubar da jini da abubuwan da basu dace da tarbiyyarmu ba, na biyun kuma an gina shi kan tatsuniyoyin gumakan Girkawa da na mutanen arewacin Turai, ka kalle su da idon mai koyon sana'a, kada ka miƙa wa ƙannenka pad.

Gem ɗin waya irinsu Free Fire da PUBG Mobile an gina su ne don gasa, ku faɗo daga jirgi ku yi harbi a sake sabon zagaye. Free Fire yana da jarumai masu suna, amma kana zaɓarsu ne don ƙarfin da suke baka, gobe in an kawo wanda ya fi shi ka canza, kuma abinda ya faru a zagayen jiya baya bin jarumin zuwa na yau. Abinda kake tunawa a nan abokanka ne da kuka buga tare, wannan ma daɗi ne mai zaman kansa, kawai dai ba shi kake nema ba.

Batun jarumi Bahaushe, kuskuren da nake yawan gani wurin matasanmu shi ne a ɗauko soja irin na gem ɗin Turawa a ɗora masa hula zanna da babbar riga ace an yi na gida. Kaya ne kawai aka canza. Ka fara da tambayar me yake yi da hannunsa wanda ba wanda ke yi. Ɗauki ɗan dambe, hannu ɗaya a naɗe da ƙyalle da zare shi ne na duka, ɗayan a buɗe a miƙe yana kariya yana auna tazara, turmi uku ake yi, wanda ya kai ƙasa an kashe shi. Kaga tsarin gem ya riga ya fito, madanni ɗaya na naushi mai nauyi da jinkiri wanda in ka kuskure ka buɗe kanka, ɗaya na kariya, sannan kiɗa da kirari su zama ma'aunin ƙarfin zuciya, makaɗi na zuga ka ƙarfinka na ƙaruwa. Ga ɓangarori a shirye, Kudu da Arewa da Guramaɗa. Sai ka bashi dalilin shiga fage, bashi ne a kan mahaifinsa, ko kuwa mahaifiyarsa bata so yana yi yake ɓoye mata, duk ka zaɓa.

Ko ka ɗauki Gizo, wanda kakanninmu suka gama yi mana aikinsa tun tuni, ga tsamin baki ga kwaɗayi ga wayo ga Ƙoƙi tana fama da shi. Gem ɗin Gizo bai kamata ya zama da madannin duka ba sam, sai na yaudara da ɓuya da gudu da haɗa kura da zaki faɗa, kuma kwaɗayinsa ya zama tarko ga mai bugawa, ka ga abinci ka san haɗari ne amma makin ya ja ka.

Wasu a Afirka sun fara. Kiro'o Games na Kamaru sun fitar da Aurion a 2016, sannan Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo na Ingila mai asali da Kenya wanda ya yi muryar Bayek a Assassin's Creed Origins na 2017, ya kafa kamfaninsa suka fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024, labarin yaron da ke neman dawo da mahaifinsa da ya rasu, daga rashin nasa mahaifin ya samo shi.

Aikin da zan baka na wannan watan, ka buɗe Unity kada ka zana fuska ko riga, ka sa ɗan akwati fari a fili ka bashi tafiya da abu guda ɗaya da yake yi da kuma abinda yake yi in an barshi tsaye. Ka ɗora a waya ka miƙa wa yara uku a layinku ba tare da ka yi musu bayani ba, bayan minti biyar ka tambayi kowanne shi kaɗai, wannan wane irin mutum ne? In amsarsu ta zo kusa da juna toh ka fara zane da neman mai murya, in kowa ya faɗi nasa daban ka koma ka gyara motsin. Ka rubuto min abinda suka ce, ina jira.