Amsa kan kama sunan shafin da wa'adinsa ya ƙare

Wa alaikumus salam, Malam Auwal. Ka ce akwai sunan shafi na .com da ya yi daidai da sunan shagonka na buga takardu a Jekadafari, ka duba ka ga wa'adinsa ya ƙare tun makon jiya, amma duk inda ka je yin rajista sai a ce maka yana da mai shi. Kana son sanin yadda ake kama irinsa idan aka sake shi. Aikin haɗa wa mutane shafi nake yi a nan Gombe, kuma wannan magana tana yawan zuwa min.

Ba ƙarya aka yi maka ba, har yanzu sunan yana hannun mai shi. Ranar da ka gani ranar ƙarewar kuɗinsa ce, ba ranar saki ba. A .com da .net, waɗanda kamfanin Verisign ke riƙe da babban kundinsu, kamfanin da aka yi rajistar a wurinsa yana iya riƙe sunan har kwana 45 yana jiran mai shi. Idan ya goge shi, sai a shiga kwana 30 na fansa, inda mai shi kaɗai ke da ikon karɓowa, shi ma sai ya biya tara mai tsoka. Daga nan sai kwana 5 da babu mai iya taɓa sunan, har shi mai shi ɗin. Lissafin yana iya kaiwa kwana 80, don haka ba zancen gobe ko jibi ba ne.

Kafin ka kashe ko sisi, shiga shafin binciken suna na ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunayen shafuka a duniya, ka rubuta sunan. Abu biyu za ka duba: kamfanin da ke riƙe da shi, da matakin da yake ciki. Idan ka ga an rubuta autoRenewPeriod, yana zangon farko. Idan redemptionPeriod ne, yana kwanakin fansa. Idan pendingDelete ne shi kaɗai, to saura kwanaki ƙalilan. A zangon farkon nan akwai abin da ke ruɗin mutane: sai ka ga an ƙara shekara guda a kan ranar ƙarewa, ka ɗauka mai shi ya biya, ka haƙura ka tafi. Sau da yawa babban kundin ne ya ƙara da kansa, kuma da zarar kamfanin ya goge sunan shekarar za ta tashi.

Sanin kamfanin ma ya fi amfani a kan sanin ranar, saboda suna mai kyau ba kasafai yake kaiwa ranar saki ba. Manyan kamfanonin rajista tun a kwanakin jiran nan suke kai shi gwanjo. Sunan da ke hannun GoDaddy, a GoDaddy Auctions za ka same shi. Na Network Solutions da Register.com, NameJet da SnapNames ake kai su. Namecheap da Dynadot kowa da kasuwarsa. Idan wani ya saye shi a can, an gama, ba zai taɓa faɗowa ba, kai kuma kana nan kana ƙirga kwanaki.

Sai wanda ya tsallake gwanjo ya kai ranar saki. Verisign yana fara sakin sunayen .com wajen ƙarfe 2 na rana agogon gabashin Amurka, wato tsakanin ƙarfe 7 da 8 na dare a nan. Mutum ya idar da isha'i, ya buɗe kwamfuta, ya jona ta da datar wayarsa, ya rubuta sunan ya aza yatsa yana jira. Ya danna, a ce yana da mai shi. Ya sake dannawa, haka. Can ya duba ya tarar ranar rajistar ta koma ta yau, da sunan wani kamfani da bai taɓa ji ba. Ba laifin intanet ɗinsa ba ne. Kamfanoni irin su DropCatch suna da lasisin rajista sama da dubu, kowane lasisi da ƙofarsa ta shiga kundin, kuma na'ura ce ke aika musu buƙata babu ƙaƙƙautawa. Kamar layin rabon taki ne, kai ka zo kai kaɗai, wani ya jera yara dubu tun asuba.

Saboda haka hanyar ita ce ka sa su kama maka layi. A shafukansu an rubuta Backorder. Ka saka a DropCatch, ka saka a SnapNames ko NameJet, ka ƙara da Dynadot. Galibi ba sa cajin ka sai sun kama, kuma kuɗin manyan yana wajen dala 60 zuwa 80. Idan kai kaɗai ka nema, naka ne. Idan kun kai biyu, sai gwanjo na 'yan kwanaki, kuma na DropCatch a buɗe yake, wanda bai kama layi ba ma yana iya shigowa ya taya. Ka yanke iyakar abin da za ka iya biya tun kafin a fara, ka lissafa shi a naira, domin dala goma-goma da ake ƙarawa ba ta da nauyi a ido sai an zo cirewa daga asusu. Ka kuma buɗe asusun da wuri ka gwada katin dalarka, wasunsu har shaidar mutum suke nema, ba abin da za a yi a daren ba ne.

Ni dai a ganina, idan sunan na Hausa ne ko na unguwa, irin wanda dillalan suna na ƙasashen waje ba su san ma'anarsa ba, kada ka yi gaggawar saka oda. Wasu shafukan suna nuna sunayen da aka fara nema, dillalai kuma su suke bi, don a wurinsu duk abin da wani ke so yana da kasuwa. Ka bari sai ya shiga kwana 5 na ƙarshe, ka duba lokacin da kowane kamfani ke rufe karɓar oda, ka saka kafin nan. Irin wannan suna wani lokaci ma babu mai kula shi, washegari ka yi masa rajista da hannu a kuɗinsa na yau da kullum. Amma idan sunan ya dame ka da gaske, kada ka dogara da wannan.

Wani zai ce ka tuntuɓi mai shi kawai. Idan sunan bai ƙare ba, shawara ce mai kyau. Idan ya riga ya ƙare, tuna masa ka yi. Ya sabunta, ya dawo ya yanka maka farashi.

Kafin ka biya, duba tarihinsa a Wayback Machine, shafin da ke adana yadda shafuka suke a da. Akwai wani mai makaranta a Tumfure da yaron da ya haɗa masa shafi ya yi rajistar da imel ɗin kansa, ba na mai makarantar ba, ya bar gari. Saƙonnin tunatarwa duk can suka tafi, sunan ya faɗi, wasu suka kama suka cika shi da tallan caca, iyayen yara na shiga suna gani. Da sunan ya sake faɗowa muka duba, sai muka ga gara a bar shi, domin wasiƙun da ake aikawa da irinsa sukan zarce kwandon shara. Google ma tun watan Maris na 2024 ya sa amfani da tsohon suna don yaudarar bincike cikin abubuwan da yake hukuntawa. Haka nan idan sunan alamar kasuwancin wani kamfani ce mai rajista, ana iya kai ƙara WIPO, hukumar duniya mai kare haƙƙin mallakar alamun kasuwanci, a ƙwace shi, kuɗinka ya bi ruwa.

Na .ng da .com.ng kuwa hukumar NiRA ce ke kula da su, da nata tsarin, kada ka ɗora musu lissafin .com. Tambayi kamfanin rajistarka na nan gida. Da ni ne, yau ɗin nan zan yi rajistar sunan shagon a .com.ng, da naira, da imel ɗina da lambata, in ci gaba da aiki kafin wancan ya faɗo. Ka turo min matakin da ka gani da sunan kamfanin da ke riƙe da shi ta akwatin saƙo, kada ka rubuta sunan shafin a nan inda kowa ke gani.