Hoto ya ce ba karaya, ashe ƙashi ya tsage: wa zan kama?

Tambaya: Barista, ni tela ne. Na faɗo daga babur na dafa ƙasa da tafin hannu. A asibitin gwamnati aka yi min hoton ƙashi, aka ce ba karaya. Bayan wata biyu wani likita ya gano ƙashin wuyan hannuna ya tsage. Yanzu ko almakashi ba na iya riƙewa. Ina da haƙƙi?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin zancen kotu, koma asibitin ka nemi kwafin 'yar takardar da likitan farko ya rubuta ya tura ka ɗakin hoto da ita, haɗe da hoton da sakamakonsa. Shari'arka tana cikin takardar nan.

Sau da yawa likitan da ke karanta hoto bai taɓa ganin mai hannun ba, abin da aka rubuta masa ne ke nuna masa inda zai zuba ido. In takardar ta ce "ya faɗi kan tafin hannu, yana jin zafi a gindin babban yatsa", ya san ɗan ƙashin nan da likitoci ke kira sikafoyid ake zargi, wanda tsagewarsa kan ɓuya a hoton farko. Ka'ida a ɗaure hannun, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14. In kuwa "hoton hannu" kawai aka rubuta aka sallame ka, laifin ya fi karkata ga wanda ya duba ka.

Doka ba ta kama likita don kuskure kawai. Sai ka nuna ya gaza yin abin da ƙwararren likita zai yi a matsayinsa, kuma jinkirin ne ya ɓata hannun. Wannan sai da shaidar wani likitan, samun wanda zai tsaya ya yi shaida a kan abokin aikinsa kuwa ba wasa ba ne.

Kana iya kai koke, da takardar rantsuwa, ga hukumar likitoci ta Najeriya, MDCN. Kotun ladabtarwarta na gargaɗi, dakatarwa ko soke rajista, amma ba ta ba da ko kwabo. Diyyar kuɗin magani da ɗinkin da ka rasa sai Babbar Kotu, don haka adana rasit-rasit da littafin odar kwastomominka.

Sai dai ka hanzarta. Dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta ware don shigar da ƙara, lauyoyin asibitocin gwamnati kuma ita suke fara ɗagawa. Wata biyu sun riga sun tafi, ga lauya a makon nan.