Shagunan Dollar General na ƙaruwa, me ya karya farashin hannun jarinsa?

Wani mai sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa ta Kano ya turo tambaya: "Ina son sayen hannun jarin Dollar General na Amurka ta manhajar waya. Kamfanin da shagunansa suka haura 20,000, ta yaya farashinsa ya zube haka?"

Alhaji, ciniki daban, riba daban. Daga 2022 zuwa 2024 cinikin wannan kamfani mai shagunan kaya masu araha ya tashi daga dala biliyan 37.8 zuwa 40.6, amma ribar da ta rage bayan cire komai ta sauko daga biliyan 2.4 zuwa 1.1. Hannun jarin da ya kai wajen dala 260 a 2022 ya yi ta sauka, sannan ya faɗi da kashi 32 cikin 100 a yini ɗaya, ranar 29 ga Agusta 2024, da kamfanin ya rage hasashen ribarsa.

Dubi wanda ke shiga shagon. Galibin shagunan a ƙananan garuruwa suke, masu sayen kuma talakawan Amurka ne. Da tsadar rayuwa ta matse su, sai suka tsaya kan abinci, sabulu da takardar bayan gida, suka bar tufafi da kayan ƙawata ɗaki. Kayan masarufi sun kai wajen kashi 80 na cinikin, ribarsu kuwa siririya ce. Kai ma ka san buhun sukari yana fita da sauri, amma abin da yake bar maka bai taka kara ya karya ba.

Sai ɓarna daga cikin gida. Ma'aikata kaɗan, kaya jibge cikin kwalaye har sun toshe ƙofofin fita, abin da ya sa kamfanin ya amince da biyan tarar dala miliyan 12 a 2024. Sata da lalacewar kaya suka yi yawa, dole aka janye na'urorin da mai saye ke biya da kansa daga dubban shaguna. Farashin ya farfaɗo a 2025, amma kada wannan kaɗai ya ja ka.

Kafin ka zuba kuɗi, buɗe rahoton da kamfanin ke fitarwa duk wata uku, ka duba cinikin shagunan da suka wuce shekara da buɗewa, domin sababbi suna kumbura lissafi. Duba kuma ribar da ke kan kaya, wadda ke wajen kashi 30. In ta ragu da maki ɗaya, kamar daga 30 zuwa 29, asarar wajen dala miliyan 400 ke nan a shekara.

A rabon riba, Amurka na cire harajin kashi 30 daga kason ɗan Najeriya, ga kuɗin canjin naira. Shagunan kuma suna sayar da giya, taba da naman alade, kamfanin yana ɗauke da bashi mai ruwa, don haka tuntuɓi malamin da ya san fiƙihun kasuwanci tukuna. In ka yanke shawarar saye, kada ka taɓa jarin shagonka. Sa rarar da za ka iya haƙura da ita shekara 5, ka saya kashi-kashi.