Tambaya da Amsa: Gyaran Fayilolin Saiti a Kwamfutar Mac

Wasiƙun da suka taru a wannan karo kusan duk kan fayilolin plist suke, wato ƙananan fayilolin da kowace manhaja a Mac take ajiye saitinta a ciki, da kuma manhajojin da ake gyara su da su. Mun taƙaita tambayoyin don wuri ya isa.

Assalamu alaikum. Na buɗe com.apple.dock.plist da wata manhajar gyaran plist, na rage girman alamomin da ke jere a Dock, wato layin alamomin manhajoji na ƙasan allo, na adana. Da na sake kunna kwamfutar sai na tarar komai ya koma gidan jiya. Manhajar ce ta lalace? Daga mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam, Malam. Manhajarka ta rubuta abin da ka ce ta rubuta, wani ne ya biyo bayanta ya goge. Tun OS X 10.8 na 2012 (OS X shi ne tsohon sunan macOS, tsarin da ke tafiyar da Mac) akwai wani ɗan aiki da ke gudana a ɓoye mai suna cfprefsd, kuma daga 10.9 na 2013 ne masu gyaran fayil da hannu suka fara jin jiki da shi. Shi ne mai riƙe da saitin kowace manhaja a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan Dock yana son sanin girman alamominsa, ba fayil ɗin yake buɗewa ba, cfprefsd yake tambaya. Shi kuma lokaci zuwa lokaci yakan sauke abin da ke kansa a cikin fayil ɗin. To kai ka je ka gyara fayil ba da saninsa ba, da ya tashi saukewa sai ya danne naka da tsohon da yake riƙe da shi.

Saboda haka manhajojin gyaran suka kasu biyu. Akwai masu ɗaukar plist kamar kowane fayil, su buɗe, su rubuta, su rufe. Haka Xcode, manhajar Apple ta gina manhajoji, yake yi, haka PlistBuddy da ke /usr/libexec yake yi. Waɗannan sun dace da plist ɗin da ba na saiti ba, kamar Info.plist na manhajar da kake ginawa. Akwai kuma masu miƙa canjin ta hannun tsarin kansa, irin su Prefs Editor da umarnin defaults da ke zuwa da kowace Mac. Saitin manhajar da ake amfani da ita, na biyun ake nema.

Ga yadda za ka yi a Terminal, manhajar da ake rubuta wa Mac umarni a cikinta. Fara ajiye kwafi:

defaults export com.apple.dock ~/Desktop/dock-tsoho.plist

Sai canjin, sannan ka sa Dock ya sake tashi:

defaults write com.apple.dock tilesize -int 40

killall Dock

Allon zai ɗan ƙifta, Dock ya ɓace ya dawo da sabon girma. Girman da ake zaɓa a saitin Dock tsakanin 16 ne da 128. Idan bai yi maka ba, defaults import com.apple.dock ~/Desktop/dock-tsoho.plist zai maido da na da, ka sake killall Dock. Kuma in kana da gyara mai yawa da ya fi sauƙi a manhajarka mai taga, hanyar ita ce ka fitar da kwafi da export, ka gyara kwafin a natse, ka rufe manhajar da saitin yake nata, ka shigar da import.

Za ka ga masu ba da shawarar killall cfprefsd bayan an gyara fayil da hannu. Yana aiki sau da yawa, amma ba ma son sa. Cfprefsd ɗin ba Dock kaɗai yake yi wa hidima ba, duk manhajar da ke buɗe a lokacin tana iya rasa canjin da bai kai ga saukewa ba.

Manhajar gyaran tawa ta nuna akwai sabuwar siga, da dogon jerin gyare-gyare da Turanci. Wacce nake da ita tana aiki. Dole ne in kashe data in sabunta? Daga mai karatu a Maraɗi.

Ba dole ba ne kowane lokaci, ɗan'uwa, amma karanta jerin kafin ka yanke. Irin waɗannan manhajoji ba su da nauyi idan aka kwatanta da sabunta macOS kanta, don haka batun data ba shi ne babba ba.

Abin da ke cikin jerin ba darajarsa ɗaya ba. Gyaran launi, ko sabon tambari, ko daidaita ta da yanayin allo mai duhu da ya zo da macOS 10.14, waɗannan za su iya jira. Wanda ba ya jira shi ne duk layin da ya ambaci adanawa: manhajar tana rufewa da kanta a tsakiyar adana fayil, ko tana sauya nau'in ƙima ba a sa ta ba, ko tana zubar da wani sashe idan fayil ya yi girma, ko tana ɓata haruffan da ba na Turanci ba. Illar irin wannan tangarɗa ita ce ba ka ganinta a lokacin. Fayil ya lalace yau, sai bayan kwanaki manhajar da ke karanta shi ta tashi kamar yau aka saka ta, ta manta komai, kai kuma ka rasa inda abin ya samo asali. Layi na biyu da ya cancanci kulawa shi ne wanda ya ambaci sigar macOS da kake kai ko wadda kake shirin hawa.

Ka duba kuma mafi ƙarancin macOS da sabuwar sigar ke buƙata. Masu tsofaffin MacBook sukan sabunta sannan su tarar sabuwar ba ta tashi a kwamfutarsu. Kafin ka danna, kwafi tsohuwar daga Applications zuwa wata folda. Bayan ka sabunta, gwada ta a kan kwafin fayil: buɗe, canza abu ɗaya, adana, sannan ka gudanar da plutil -lint da sunan fayil ɗin. Idan ya ce OK, ginin fayil ɗin lafiya yake.

Na hau sabuwar macOS, tsohuwar manhajar gyarana ta ƙi buɗewa, an yi wa tambarinta da'ira da layi a gicciye. Daga wata mai karatu a Kaduna.

Malama, wannan alama tana nufin tsarin ba zai iya gudanar da ita ba sam. Dalilin da ya fi yawa shi ne manhajar ta tsohon gini ce da ake kira 32-bit, kuma daga macOS 10.15 Catalina na 2019 Apple ya daina ɗaukar su. Babu dabarar da za ta tashe ta, sai sabuwar siga daga wanda ya yi ta. In kuma tsohuwar Property List Editor ta Apple kike nufi, tun Xcode 4 aka haɗe aikinta cikin Xcode.

Wata matsalar daban ce idan Mac ɗinki mai injin M1 na Apple ce ko na bayansa, manhajar kuma an gina ta ne don injin Intel: za ta nemi ki saka Rosetta 2, mai sa irin waɗannan manhajoji su gudana, ki amince, shi ke nan. Idan kuwa saƙon da ya fito cewa yake ba a iya tantance mai manhajar ba, a macOS 15 danna ta da Control ba ya wadatarwa kamar da. Sai kin shiga System Settings, Privacy & Security, ki gangara ƙasa ki ga Open Anyway. Kada ki danna shi sai kin tabbata daga shafin mai manhajar kika sauke ta.

Na sa 1 a wani saiti na kunnawa da kashewa, defaults read ma ya nuna 1, amma manhajar ba ta kula ba. Daga mai gyaran kwamfuta a Kano.

Maigida, nan ne masu sana'a ma kan yi tuntuɓe. Plist yana da nau'in ƙima takwas: rubutu, cikakkiyar lamba, lamba mai ɗigo, e ko a'a, kwanan wata, ɗanyen bayani, jeri, da ƙamus mai ɗauke da wasu maɓallai a cikinsa. Abin haushin shi ne defaults read yana nuna 1 ko da ƙimar e ce, ko lamba ɗaya ce, ko rubutu ne kawai mai siffar 1. Ido ba zai bambance su ba. Wanda zai faɗa maka gaskiya shi ne read-type, misali:

defaults read-type com.apple.finder AppleShowAllFiles

Idan ka rubuta da defaults write ba ka faɗi nau'i ba, a matsayin rubutu zai ajiye. Wasu manhajoji suna da haƙuri, sukan juya rubutun zuwa abin da suke nema. Wasu kuwa da zarar nau'in bai dace ba sai su yi watsi da shi su koma kan saitinsu na asali, ba tare da sun ce uffan ba. Saboda haka kullum ka faɗi nau'in: -bool true, -int 40, -float 0.5, -string. A manhaja mai taga kuma ka dubi shafin da ke tsakiya, wanda ke nuna nau'i, kafin ka adana. Sabon layi yakan fito a matsayin rubutu, sai ka sauya da kanka.

Idan nau'in daidai ne kuma shiru, to ƙila ba fayil ɗin ba ne. Manhajojin da aka killace, wato waɗanda tsarin ya keɓe wa kowacce foldarta, ciki har da yawancin na App Store, saitinsu ba ya ~/Library/Preferences, yana ~/Library/Containers, cikin folda mai sunan manhajar, sannan Data/Library/Preferences. Sau da yawa akan tarar da tsohon fayil mai suna iri ɗaya a wurin farko, mutum ya yi ta gyaran gawa. Wasu saitunan kuma, kamar na hoton da ke fitowa idan an bar allo, suna cikin ByHost, sai ka ƙara -currentHost nan da nan bayan kalmar defaults. Don sanin ainihin sunan da manhaja ke amsawa: osascript -e 'id of app "Safari"'. Ka kula da manya da ƙananan haruffa a sunan maɓalli. Ko harafi ɗaya ka kuskure, defaults ba zai yi gardama ba, zai ƙirƙiri sabon maɓalli da babu mai karanta shi.

Abu ɗaya kuma, tunda kwamfutocin mutane kake taɓawa: kada ka yi amfani da sudo, umarnin da ke ba ka ikon root, wato babban asusun tsarin, a saitin mai amfani. Da sudo, canjin yakan tafi saitin root a /var/root, ko kuma fayil ɗin ya koma mallakar root har manhajar ta kasa rubutu a kansa. Umarnin ls -l zai nuna maka mai fayil, umarnin chown ya maido shi ga mai shi.

Na buɗe plist da TextEdit, sai na ga bplist00 da tarkacen alamomi. Ya lalace ne? Kuma sunan foldata mai harafin ƙ yana fitowa da lambobi. Daga ɗalibi a Sakkwato.

Lafiyarsa ƙalau. Plist yana zuwa a siga biyu da aka fi sani, ta XML da mutum ke iya karantawa, da ta injin da ke farawa da bplist00, kuma yawancin fayilolin saiti a ta biyun suke. Kada ka adana shi daga TextEdit, nan ne zai lalace da gaske. Don karantawa kawai, plutil -p da sunan fayil ya isa. Don gyarawa, yi kwafi ka juya kwafin da plutil -convert xml1. Ba sai ka maido shi siga ta biyu ba, tsarin yana karanta duka.

A XML ɗin ka kiyayi abu biyu. Alamar & a cikin rubutu dole ta zama &amp; in ba haka ba fayil ɗin gaba ɗaya ya ƙi karantuwa. Sannan TextEdit yana da halin sauya alamar zance miƙaƙƙiya zuwa lanƙwasasshiya, a kashe wannan kafin a fara. Plutil -lint zai faɗi layin da kuskuren yake.

Batun ƙ ɗin, nuni ne kawai. Defaults read yakan fitar da harafin da ba na Turanci ba da lambarsa ta Unicode, shi ya sa kake ganin 0199 a gurbin ƙ, 0257 a gurbin ɗ, 0253 a gurbin ɓ. A cikin fayil harafin yana nan daram. Idan ka ga alamar tambaya a gurbinsa bayan ka adana da wata manhaja, to wannan ɓarna ce ta gaske, manhajar ba ta adana da UTF-8 ba, ka koma kan kwafinka. Haka kwanan wata: XML yana rubuta shi da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, mai Z a ƙarshe, don haka a Nijeriya da Nijar za ka ga ya yi baya da awa ɗaya. Kada ka gyara, daidai yake.

Na sayi MacBook na hannu. Wasu saitunan sun dushe ba sa taɓuwa, wasu fayilolin kuma Terminal yana ce mini Operation not permitted. Daga mai karatu a Kumasi.

Matsala biyu ce ka haɗa, Alhaji. Saƙon Terminal ɗin kariya ce da ta zo da macOS 10.14 a 2018, wadda ta rufe bayanan manhajoji irin su Mail da Safari. Shiga Privacy & Security, Full Disk Access, ka ƙara Terminal ko manhajar gyaranka, ka rufe ta gaba ɗaya ka sake buɗewa. In ka gama aikin ka cire izinin.

Saitunan da suka dushe kuwa sun fi kama da kwamfutar da wani kamfani ko makaranta ke sarrafawa daga nesa. Gudanar da profiles status -type enrollment don ganin ko tana cikin rajistarsu, ka kuma leƙa /Library/Managed Preferences. Duk abin da ke cikin wannan folda yana rinjayar naka saitin, kuma ko ka goge shi zai dawo muddin rajistar tana nan. Babu manhajar gyaran plist da za ta warware wannan, tsohuwa ko sabuwa. Yawanci masu kwamfutar na asali ne kaɗai za su iya sakinta daga rajistarsu, don haka ka koma wurin wanda ya sayar maka da sakamakon umarnin nan a hannu, tun kafin wa'adin mayarwa ya wuce.