Kafin ka zuba jari a saundba da wufa mara waya

Tambaya: Ina da shago a Sabon Gari, Zariya, ina sayar da talabijin filasma da dikoda da fanka. Masu saye suna yawan dawowa da kukan cewa hoto ya yi kyau amma murya ba ta fita. Wani dila ya ce in ɗauki saundba (doguwar sifika mai siffar sanda da ake haɗawa da talabijin) mai wufa (akwatin sifika mai fitar da ruri) mara waya guda ashirin, rabi kuɗi hannu, rabi bashi. Abin da zan iya warewa naira miliyan 2 ne. In shiga?

Amsa: Alhaji, ka shiga, amma ba da guda ashirin ba, kuma ba da bashi ba.

Kukan masu sayenka gaskiya ne. Filasma siririya ce, babu wurin da za a sa babbar sifika a cikinta, 'yan ƙananan da ke ciki kuma ƙasa suke kallo ko bango. Da an kunna fanka ko janareta, sai maganar mai karanta labarai ta ɓace. Don haka buƙatar tana nan, musamman wajen ma'aikata da malaman jami'a na Samaru da Kongo, da iyaye masu haɗa kayan ɗakin amarya. Amma kaya ne mai tafiyar hawainiya, ba kamar fanka a watan Afrilu ba. Bashin dila kuwa ba ya jiran kaya su fita. Ka ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗin nan, ka ɗauki guda huɗu zuwa shida, mai sauƙin kuɗi da mai matsakaici, sauran ka bar shi a kayan da ka san suna juyawa.

Ka tsaya a kan wanda aka rubuta wa 2.1, wato sifika biyu a cikin sandar, da wufa ɗaya. Masu 5.1 da Dolby Atmos, wato masu sautin da ke kewaye ɗaki, ka bari sai wani ya yi oda ya ba da kafin alƙalami. Kada manyan lambobin wat da ke jikin kwali su ruɗe ka. Idan ka ga PMPO a gefen lambar, ado ne na talla. RMS ita ce ke nuna ƙarfin gaske.

Yanzu ga inda ribar take zubewa. A ce ka sayi ɗaya naira 150,000, kuɗin mota da ɗan dako 5,000, ka sayar 180,000. Ribarka 25,000. Idan guda ɗaya ta dawo a mace kuma dila ya ƙi karɓa, ta cinye ribar guda shida har da ɗoriya. Abin takaicin shi ne yawancin waɗanda ake dawowa da su lafiyarsu ƙalau, haɗawa ce ba a iya ba. Don haka kafin ka karɓi kuɗin kowa, ka ce ya ɗauko maka hoton bayan talabijin ɗinsa a waya.

Abin da kake nema a hoton shi ne kafar HDMI da aka rubuta wa ARC ko eARC. Yawanci ɗaya ce tak cikin kafofin, kuma ita kaɗai ke mayar da murya daga talabijin zuwa saundba. Mutum zai cusa waya a HDMI ta kusa da ita, ya ji shiru, ya ce ka sayar masa da jabu. Dikoda a wata kafar HDMI ta talabijin za a sa ta, a bar ta ARC wa saundba. Sannan sai an kunna CEC, wato tsarin da ke sa kayan da aka haɗa da HDMI su ji juna, a cikin saitin talabijin, kuma kowane kamfani da sunan da ya ba shi: Samsung na cewa Anynet+, LG na cewa SimpLink, Sony na cewa Bravia Sync. Da an kunna shi, rimot ɗin talabijin zai riƙa ƙara murya da rage ta. Idan duk an yi haka murya ba ta fito ba, ko tana kakkatsewa, a shiga saitin sauti a mayar da shi PCM, domin wasu ƙananan saundba ba sa iya karanta kowane irin sauti da talabijin ke turowa.

Talabijin da ba ta da ARC, a nemi kafar oftikal, 'yar murabba'i mai fitar da jan haske. Wayarta na zuwa da 'yan hulunan roba a bakinta biyu, a cire su tukuna, kuma kada a lanƙwasa ta sosai don zaren cikinta na karyewa. Bluetooth ka bar shi don kiɗa ko karatu daga wayar hannu. A kallon ƙwallo ko fim yakan jinkirta murya, baki ya motsa kafin magana ta iso.

Ita wufar, ka faɗa wa mai saye tun a shago cewa “mara waya” ba ya nufin ba ta shan wuta. Tsakaninta da sandar ne babu waya, amma tana buƙatar soket nata. Tun daga kamfani aka haɗa su, da an kunna sukan gane juna. Idan fitilar bayanta tana ƙyafƙyaf ba ta tsaya ba, a danna maɓallin haɗi da ke bayanta kamar yadda takardar cikin kwali ta nuna. A ajiye ta a ɗaki ɗaya da sandar, kusa da bango, nesa da na'urar Wi-Fi. Kusurwar ɗaki na ƙara mata ruri, wani lokaci har ta danne magana, sai a ɗan jawo ta. Kuma wufar wani kamfani ba ta aiki da sandar wani, sau da yawa ko kamfani ɗaya ne in samfuri ya bambanta. Kada yaran shago su cakuɗa kwalaye.

Sai wuta. Hawa da saukarta, da lokacin juyawa daga janareta, su ne ke ƙona allon wutar cikin waɗannan kaya. Kada ka bar saundba ta fita shagonka babu sitabilaiza ko abin kariyar wuta, sai in mai saye yana da shi a gida. Wannan kariya ce gare ka, kuma ciniki ne. Haka wayar HDMI mai kyau, da wayar oftikal, da ƙarfen maƙalawa a bango. Ribarsu a kan kuɗin da ka zuba takan fi ta saundbar kanta. Ka koya wa yaro ɗaya haɗawa, ya riƙa bin mai saye gida a kan kuɗin aiki da aka yanke tun a shago.

Ka buɗe guda ɗaya ka haɗa da filasma a shago. Ka kunna labarai da muryar talabijin, sannan ka juya zuwa saundba a gaban mutum. Kunnensa zai yi maka ciniki. Ka riƙa rufe ta da yadi lokacin hunturu saboda ƙura. Masu gidan kallon ƙwallo kuwa in sun zo, ka gaya musu gaskiya: saundba ta falo ce, ba za ta ƙure ihun mutum hamsin ba. Amfilifaya da manyan sifiku ne nasu.

Wajen dila, ku rubuta a rasit kwana nawa zai canza maka wadda ta zo da matsala, kuma wa ke biyan kuɗin motar mayarwa. A rasit ɗin mai saye ka rubuta lambar jikin sandar da ta wufar duka biyu. Farashi kuma ka ɗora shi a kan abin da za ka sake sayowa yau, tunda kayan waje ne masu bin dala. In na farkon sun fita cikin wata biyu, ka ƙara guda goma da kuɗinka.