Amsa ga wadda za ta bi mijinta Jamus da yara

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce maigida zai dauko ki zuwa Jamus da yara biyu, kina son jin yadda zaman yake ga uwa. Ni dai shekarata tara kenan a Hambug, abin da na gani zan fada miki.

Gaskiya ba kudi ne ya fi damuna ba, akwai kudin yara da gwamnati ke biya duk wata, Kindergeld suke ce masa, a 2023 yuro 250 ne kowane yaro, asibiti kuma inshora. Rashin mutane ne ke cin rai. Na haifi autana a Janairu, lokacin da karfe hudu da rabi na yamma gari ya riga ya yi duhu, babansu ya koma aiki bayan kwana uku, ba mai dora min ruwan wankan jego balle kunun kanwa, sai ungozoma da ke lekowa ta duba cibiya ta tafi. Ranar suna mu shida ne a falo. Wallahi bandaki nake shiga in kunna famfo in yi kukana kar yara su ji.

Sai yare, nan ne na cuci kaina. A1 din da za ki yi kafin biza, matakin farko na Jamusanci kenan, ba ya kai ki ko'ina, gaisuwa ce kawai. In kin iso akwai kwas din yaren na awa 600 da zai kai ki B1, wato matsakaicin mataki, ni na yi ta daga shi wai sai na samar wa yaro gurbi a Kita, gidan renon yaransu kenan, kuma layin ba karami ba ne, har shekara uku ta wuce ina zaune kamar kurma. 'Yata mai shekara takwas ce ke karanta min wasiku, ita ke min tafinta wajen likita, rannan ciwon na mata ne na kalle ta na kasa bude baki, haka muka dawo gida. A satin da abin ya faru na je na yi rajistar kwas din.

Ki kuma sani tun 2000 doka ta hana dukan yaro, ko mari ne, hukumar kula da yara Jugendamt tana iya shigowa maganar. Makaranta dole ce, ba ki isa ki kwashe su ku tafi gida sallah ba sai an yi hutu. Takardar zamanki ma a jikin auren take rataye sai kun yi shekara 3 tare a nan, don haka fasfonki ya zauna a hannunki, ba mugun fata nake miki ba.

Ki taho da daddawa da kuka da busasshiyar kubewa, a shagunan 'yan Afirka tsada gare su. Kilishi kam kar ki soma, ba a shiga da nama.