Anti, ni kaɗai ce ba na zuwa ko'ina

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kullum na buɗe Instagram sai in ga ƙawayena a Dubai ko Abuja suna ta shanawa, ni kuwa daga lakca sai gida Tudun Wada, wallahi har rayuwar ta fara gundurata. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata. Kin ban dariya fa, kina zaune a Zazzau kina cewa ba inda za ki? To bari in tambaye ki, kin taɓa shiga cikin birni ta Ƙofar Doka kin tsaya kin kalli ragowar ganuwa da kyau, ko dai a Keke Napep kike wucewa ido na kan waya? Masallacin Juma'a na ƙofar fada ma, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi da ƙasa tun wajen 1830 da wani abu, masana gini sun sha zuwa kallonsa.

Ki samu ƙawa ɗaya, ba ta hoto ba, wadda za ku yi hira har ku manta la'asar ta yi, ku shirya ranar Asabar ku je gindin dutsen Kufena da 'yar awararku da zoɓo, amma da izinin su Mama kuma da yayanki, kar ki ce ni na aike ki. Ni da damina nake son wajen, ko'ina kore shar.

In sallah ta zo kuma kar hawan daushe ya wuce ki. Dubai na nan, ki gama karatun tukuna.